Aji biyar da aji shida: karatun ɗan Mishan da haƙƙin ɗan Kurfai

Duk ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Filinge zuwa Yamai, ko Dogondutsi, ko Maraɗi, in yana da yara ƙanana, akwai shawarar da yakan ji daga abokan aiki tun bai gama sauke kaya ba: in da hali, a kai yaran makarantar Mishan. Mai ba da shawarar Musulmi ne, wanda ake ba wa Musulmi ne, yawancin yaran da ke zaune a ajin ma Musulmi ne, don Kiristocin Nijar gaba ɗayansu ba su kai ɗaya cikin ɗari na jama'a ba. Duk da haka makarantun Katolika sun yi sunan da har wanda bai taɓa taka ƙofarsu ba yakan ce ɗan Mishan ya iya karatu. To, me ake koya masa a can, musamman a azuzuwa biyu na ƙarshe, wanda ɗan Kurfai, wato ɗan Filinge ko Shikal ko Tukunus, ba ya samu?

Cocin Katolika ba ta daɗe a ƙasar nan ba. A 1931 Fada François Faroud ya buɗe mishan na farko a Yamai. Bayan yaƙin duniya na biyu limaman ƙungiyar Redemptoris suka karɓi aikin, suka zauna a wurare irin su Damagaram da Dogondutsi, cikin Arewa, maƙwabciyar Kurfai ta kudu maso gabas. Yamai ta samu bishop na kanta a 1961, Hippolyte Berlier, aka ware Maraɗi a 2001, yau kuma ɗan ƙasa ne, Laurent Lompo, ke shugabancin cocin a Yamai. Masu shiga addinin ba su yi yawa ba, sai ƙarfin aikin ya koma ga makaranta da ɗakin shan magani. Daga nan aka samu Mishan ta maza da ta mata a Yamai, da Kwalejin Mariama, da makarantun Mishan na Damagaram, Maraɗi da Dogondutsi.

Amsar tambayar kuwa tana iya ba mutum mamaki: babu wata manhaja ta daban. Makarantar Mishan tana bin tsarin gwamnati ne sak, wanda dokar ilimi ta 1 ga Yuni 1998 ta shimfiɗa. Shekara shida ce, daga CI zuwa CP, sai CE1 da CE2, sannan CM1 da CM2, wato aji biyar da aji shida, inda yaro ke da shekara goma sha ɗaya ko sha biyu. Sufetocin gwamnati ne ke duba aikin, littattafan cibiyar INDRAP ta Yamai suna cikin waɗanda ake karantawa, jarrabawar ƙarshe kuma ita ce CFEPD, satifiket ɗin da aka soke na wasu shekaru kafin a dawo da shi. Koyon addinin Kirista na ƴaƴan Kiristoci ne. Ɗan Musulmi in an tashi yakan ɗauki allonsa ya tafi wajen malaminsa kamar kowane yaro a unguwa. Saboda haka duk abin da zan lissafa a ƙasa, a takarda, haƙƙin ɗan Kurfai ne kamar yadda yake haƙƙin ɗan Mishan.

Faransanci ne ke cinye kaso mafi girma na mako. Akwai karatu a bayyane da karatu a zuci, da nahawu, da sarrafa aikatau a lokutansa, da ƙa'idar rubutu, da insha'i, da shifta, wadda ƴan lakwal ke kira dikte. Waɗanda suka yi makaranta a da ba su manta tsohuwar ƙa'idarta ba: kuskure biyar, sifiri. A CM ne ake sa ran yaro ya daina haɗa baƙaƙe da ƙyar, ya karanta shafi guda ya faɗi abin da ke ciki da bakinsa, ya rubuta wasiƙa zuwa ga kawunsa da ke ci-rani, ya ba da labarin ranar kasuwa ko ranar suna cikin layi goma sha biyar masu kai da gindi. Wannan mataki ne ke raba yara gida biyu, kuma ba a darasin Faransanci kaɗai ba. Tambayar lissafi da Faransanci aka rubuta ta, taƙaitaccen darasin tarihi da Faransanci ake kwafe shi, sunayen gaɓoɓin jiki da Faransanci ake haddace su. Harshen nan a aji kamar igiyar guga yake: ko rijiya ta cika, wanda igiyarsa ba ta kai ba da ƙishirwa zai koma. Sirrin ɗan Mishan na farko ke nan. Ya iso CM1 yana karatu, don an tsaya a kansa tun CI, yana da littafi nasa na kansa da yake zuwa da shi gida, kuma akwai mai duba littafin rubutunsa da jan biro.

Lissafin aji biyar da shida lissafin rayuwa ne, kuma a nan nake ganin an fi cutar ɗan Kurfai, domin ya riga ya iya rabinsa. Manhaja ta ƙunshi tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa na manyan lambobi, da lambobi masu waƙafi, da rabi da sulusi da rubu'i da ƴan'uwansu, da ƙa'idar uku, da kaso cikin ɗari, da kuɗin saye da kuɗin sayarwa da riba da faɗuwa, da awon tsawo da nauyi da faɗin fili, da sikelin taswira, da gudu da nisa da lokaci. Yarinyar da ke raka uwarta kasuwa, in an ce tiyar hatsi dala ɗari da hamsin ce, ana son tiya goma sha biyu, za ta ce maka jikka tara kafin ka ciro wayarka. Ta ninka 150 sau 12, ta samu dala 1,800, ta mayar da su jikka, duk a ka. In ta shiga aji aka rubuta mata 750 sau 12 cikin jimlar da ba ta gane ba, sai ta yi zuru, a rubuta mata sifiri, ta tafi gida da yaƙinin cewa ba ta da kan lissafi. Alhali abin da ya rage a nuna mata kaɗan ne: dala faran biyar ce, jikka faran dubu ce, lissafin kasuwa da na allo abu guda ne. Malamin da ya fara darasin ƙa'idar uku daga tiya da dami da buhu ya gama rabin aikinsa.

Haka sikeli. Tsakanin Filinge da Yamai, ta Baleyara, kimanin kilomita 180 ne. A taswirar da santimita ɗaya ke wakiltar kilomita goma, yaro ya bi hanyar da zare ya auna, zai samu wajen santimita 18. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa za ta yi awa uku. Darasi uku ke nan a zare ɗaya, kuma duk yaron da ya taɓa jiran mota a tasha zai so sanin amsar.

Sai fannin da manhaja ke kira nazarin muhalli, wanda ya haɗa labarin ƙasa da kimiyya da tarihi. A labarin ƙasa ɗan CM2 yakan haddace cewa faɗin Nijar murabba'in kilomita 1,267,000 ne, tana da jihohi takwas, tana iyaka da ƙasashe bakwai, kogin Kwara ya ratsa yammacinta na kimanin kilomita 550, ana haƙar yuraniyom a Arlit, ana tace mai kusa da Damagaram. Duk wannan daidai ne, kuma ya kamata ya sani. Amma ɗan Mishan na Yamai yana ganin kogin da idonsa, ɗan Filinge kuwa yana zaune ne a cikin wani kogi da ya mutu tun dubban shekaru, sau da yawa ba tare da an taɓa gaya masa ba. Dallol Boso tsohuwar hanyar ruwa ce da ta gangaro daga Azawak ta bi ta Filinge da Baleyara har ta tarar da Kwara a wajen Bumba. Duwatsun da ke tsaye a gefen garin gaɓar wannan kwari ce. Shi ya sa rijiya a cikin kwarin ba ta da zurfi, a kan tudu kuwa sai an sha haƙa. Shi ya sa ƙauyuka suka jeru a cikinsa, ake lambu da rani. Yaron da aka fita da shi ya tsaya a gindin dutse aka nuna masa wannan, ya fahimci zaizayar ƙasa da ruwan ƙarƙashin ƙasa da dalilin zaman mutane a wuri, abubuwan da a littafi babi uku ne daban-daban.

Ruwan sama ma haka. A shekarun nan abin da ke sauka a wannan yanki yakan tsaya wajen milimita 300 zuwa 400 a damina, kuma manomi yana jin waɗannan lambobi a rediyo ba tare da sun zama masa wani abu ba. Ɗansa na CM2 yana da abin da zai fassara masa su: milimita ɗaya lita ɗaya ce a kan murabba'in mita, wato lita 10,000 a kan hekta. Damina mai milimita 350 ta zuba lita miliyan uku da rabi a gona mai hekta ɗaya. Daga nan tambaya ta gaba za ta zo da kanta: ina ruwan ya tafi? Amsarta ce ke bayyana amfanin tassa da ramin rabin-wata da jerin duwatsu da ake yi a fako don tare ruwa.

Kimiyyar waɗannan azuzuwa ta fi karkata ga jiki da lafiya da tsiro da dabba: narkewar abinci, numfashi, zagayawar jini, tsirowar iri, sassan fure, sannan cututtukan da yaro ya sani da sunansu na gida, zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, ƙyanda, amai da gudawa, tsargiya. Akwai labari mai daɗi da ya cancanci shiga wannan darasi: kurkunu, wanda ya nakasa kakannin yaran a lokacin noma, an tabbatar da kawar da shi daga Nijar a 2013, kuma babban makamin da aka yi amfani da shi tace ruwan sha ne da gyaran rijiyoyi. A darasin tsiro kuwa ga gawo a kowace gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, ya bar hatsi ya sha rana, ya ba ƙasa taki, ya ba dabba abinci a lokacin da babu ciyawa. A darasin dabba, ɗan Kurfai yana da abin da ɗan birni sai dai ya gani a hoto: garken gwaji na Tukunus, arewa da Filinge kaɗan, inda aka shafe shekaru da dama ana zaɓen irin shanun Azawak saboda nononsu, har ƙasashe maƙwabta na zuwa neman irin.

Tarihi ne fannin da ya fi damuna. Yaro yana bi ta daulolin Gana da Mali da Songai da Kanem-Borno, da ƙasashen Hausa, da jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, da zuwan Turawa, da ɓarnar ayarin Voulet da Chanoine a 1899, da tsayuwar Sarauniya a Lugu, da Amadu Kuran Daga a Damagaram, da Kawusan a Agadas, har zuwa kafa jamhuriya ranar 18 ga Disamba 1958 da samun ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960. Ɗan Mishan yakan zuba waɗannan kamar ruwa, kuma ana yaba masa. Amma a cikin jerin akwai Firhun, sarkin Abzinawan Iwillimmidan, wanda ya tayar wa Faransawa a 1916. Mayaƙansa sun iso har Filinge kafin a karya su a Andarambukan. Sarautar Kurfai ta lokacin, ƙarƙashin Gado Namalaya, tana gefen Faransawa, kuma tana da dalilinta, don Kurfayawa sun daɗe suna fama da hare-hare daga arewa. Wannan ba labari ne mai sauƙi ba, ba a raba shi gida biyu a ce ga jarumi ga maci amana. Daidai wannan wuyar ce ta sa ya dace da yaro ɗan shekara goma sha biyu, wanda ke zaune a benci ɗaya da ɗan Buzu daga Imanan, da ɗan Zabarma daga Tondikandiya, da ɗan Fulani. Gara su ji shi daga bakin malami mai adalci da su tsince shi gutsi-gutsi a bakin masu neman raba su.

Ba kasafai kuma za ka ji ɗan CM2 ya ambaci Shibo ba. Mace ce a Shikal, nan kusa da Filinge, wadda a wajen 1925 ta zama tushen abin da mutanen wurin suka kira Babule, duniya kuma ta sani da Hauka. Mabiyanta sun riƙa hawan iskoki masu kwaikwayon sojan Faransa, suka ƙi bin sarki, suka ƙi aikin tilas, har kwamandan Yamai, Crocicchia, ya sa aka kama su aka ɗaure. Abin ya bi ƴan ci-rani har Gwalkwas, inda Jean Rouch ya ɗauke shi a fim a Ankara a tsakiyar shekarun 1950. Jami'o'in Turai da Amurka suna karantar da wannan labari. Koyar da shi ba yarda da bori ba ne, sanin abin da ya faru ne a ƙasar da yaro ke takawa, da irin matsin da ya kai talakawa ga haka. Daga wannan yanki ne kuma Adamou Mayaki, wanda ya riƙe ministan harkokin waje a zamanin Diori Hamani, ya fito, haka Seyni Kountche ɗan Fandu. Ƙasar da ta ba da waɗannan ba ta rasa abin sa wa a darasin tarihi ba.

Sauran fannonin ba sa ɗaukar lokaci mai yawa, ko da yake suna da nasu nauyi. Akwai tarbiyya da sanin haƙƙin ɗan ƙasa: tuta, taken ƙasa da aka sauya a 2023, aikin magajin gari da na sarki, haraji, takardar haihuwa, gaskiya da riƙon amana. Makarantun Mishan suna ba wannan darasi muhimmanci ƙwarai, kuma iyaye Musulmi da yawa ladabin da tsabtar da zuwa a kan lokaci suke saye da kuɗinsu kafin Faransancin. Akwai waƙa da hadda da zane da motsa jiki. Akwai kuma ayyukan hannu da na samarwa, lambun makaranta, dashen itace, ɗinki, saƙa, waɗanda aka fi saurin yin watsi da su in lokaci ya ƙure, alhali a nan ne awo da kimiyya ke sauka daga allo su taɓa ƙasa.

In manhaja ɗaya ce, daga ina bambancin ya fito? Wajibi ne a faɗi gaskiya: wani ɓangarensa daga gida ne. Makarantar Mishan ta kuɗi ce, tana birni, yawancin iyayen ma'aikata ne ko ƴan kasuwa, akwai fitila da daddare, akwai mai tambayar yaro abin da aka koya masa. Ba adalci ba ne a ɗora wannan a kan malamin ƙauye. Amma ɗaya ɓangaren lokaci ne, kuma shi ana iya gyara shi. Shekarar karatu daga Oktoba take zuwa Yuni. A Mishan ana shiga aji ranar da aka ce, a fita ranar da aka ce. A ƙauyuka da yawa kuwa ajin zana sai an gama girbi an samu kara ake kafa shi, ruwan farko kuma ya tashe shi. A tsakani ga yajin aikin malaman kwantaragi, waɗanda su ne mafi yawa a firamare, in albashi ya makara. Azuzuwan zanan nan har rayuka sun ci: gobarar unguwar Pays-Bas a Yamai a Afrilun 2021, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, kowacce ta kashe yara ashirin ko fiye. Manhajar da aka tsara wa wata tara ba ta shiga cikin wata biyar ko shida, sai malami ya tsallake, kuma abin da yake tsallakewa shi ne fita waje da gwaji da insha'i, ya bar hadda.

Sakamakon a bayyane yake. Binciken PASEC, wanda ke auna yaran ƙasashe masu amfani da Faransanci a ƙarshen firamare, ya nuna a 2014 cewa a Nijar waɗanda suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba. A 2019 an samu ci gaba zuwa kimanin uku cikin goma. Ci gaba ne na gaske, amma har yanzu bakwai cikin goma suna barin CM2 ba su mallaki abin da sauran fannoni suka rataya a kansa ba. A jihar Tilaberi kuma rashin tsaro ya ƙara nasa: ɗaruruwan makarantu sun rufe a shekarun nan, iyalai daga wajen Abala da Banibangu sun gangaro garuruwan da suka fi kwanciyar hankali, azuzuwan da suka rage suka cika maƙil. Makarantun Mishan ma ba su tsira daga tashin hankali ba. A tarzomar 16 da 17 ga Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, wutar ta ci har makarantar Mishan ta Damagaram, yaran da suka rasa aji kuwa galibinsu ƴaƴan Musulmi ne.

Akwai abu ɗaya da makarantar gwamnati za ta iya yi wanda Mishan ta birni, da yaranta masu harsuna barkatai da iyaye masu son Faransanci tsantsa, ba za ta yi cikin sauƙi ba. Tun 1973 Nijar ta fara gwajin makarantu masu harshe biyu a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin Faransanci ya shigo a hankali, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Tamajak da Barbarci. Binciken da aka yi a kansu ya sha nuna cewa yaransu ba sa baya, har a Faransancin kansa. Fiye da shekara hamsin ke nan ana kiran abin gwaji. A Maris 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A Kurfai, inda Hausa ce harshen gida da na kasuwa, yaron da ya koyi haɗa baƙaƙe da harshensa a CI zai iso CM1 yana karatu da fahimta, ko da Faransancinsa bai nuna ba tukuna. Sai dai a tuna da ɗan Bonkuku da ɗan Damana, waɗanda harshen gidansu daban ne, kada a maimaita musu abin da aka yi wa kowa da Faransanci.

Ayyanawa a kundi ba ta buga littafi, ba ta horar da malami. Abin da malamin CM a Filinge ke bukata a hannunsa ƙarami ne: ɗan littafi mai shafi arba'in ko hamsin, da Hausa da Faransanci, mai taswirar Dallol da ƙauyukansa, da lissafin tiya da dala da zurfin rijiya, da bayanin gawo da saniyar Azawak, da labarin 1916 da na Shikal yadda masana suka tabbatar da su. Masu iya rubuta shi suna nan: tsofaffin malamai da suka yi ritaya a garin, ma'aikatan Tukunus, jami'an gona da na lafiya, da dattawan da suka ji labarin daga bakin iyayensu. Waɗannan na ƙarshe su ne ya kamata a fara zuwa wajensu, tun kafin a nemi kuɗin bugawa, don kowace shekara ana rasa wasu daga cikinsu.